Kafe jakin jita: abin da ya kamata a sani kafin a hana tiremolo lilo

Masu goge da molo suna kiran ɗan icen da tsirkiya ke hawa a kansa jaki. Sunan ya zauna daidai, domin shi ne mai ɗaukar kaya. Jitar lantarki ma tana da nata jakin, na ƙarfe, kuma iri biyu ne. Akwai kafaffe, wanda aka ɗaure da sukurori a jikin katako, ko gezau ba ya yi. Akwai kuma mai lilo, wanda aka fi sani da tiremolo, mai ɗan siririn hannu da makaɗi ke dannawa muryar jita ta nutse, ya saki ta taso. Mafi yawan jitocin da ke shigowa hannunmu, musamman masu siffar Stratocaster, sananniyar jitar kamfanin Fender, sababbi da na gwanjo, da mai lilon suke zuwa, ko mai saye yana so ko ba ya so. Shi ya sa duk wanda ya daɗe da irin wannan jita sai wata rana ya tambaya: wai ba za a iya kafe abin nan a huta ba?

Ana iyawa. Sai dai kalmar kafewa ta haɗa ayyukan da ba su da kusanci da juna, tun daga juya sukuru biyu na minti goma har zuwa aikin kafinta da mai fenti na makonni, wanda in an shiga ba a dawowa. Na sha ganin wanda maganinsa na farkon ne ya tafi neman na ƙarshen, ya ɓata jita mai kyau a banza. Don haka gara mu fara da leƙa cikin jitar.

Shimfiɗa tawul ka kifa ta a kai. A bayanta akwai murfin roba mai sukurori shida. Idan ka cire shi za ka tarar da rami. A ƙarshen ramin ta wajen wuya akwai wani ƙarfe mai haƙora biyar, dogayen sukurori biyu sun riƙe shi a katako; ita ce ƙugiya. Daga haƙoranta sifirin suka miƙe, galibi uku, suka je suka maƙale a gindin wani curin ƙarfe mai ramuka shida, inda ake zura tsirkiya. Curin nan ya huda jikin jitar ne daga sama, kuma a kansa aka ɗaure farantin jakin da kake gani ta gaba, mai ɗauke da sirdi shida, kowace tsirkiya da nata. Gaban farantin ne kawai yake jingine, a kan sukurori shida ko turaku biyu. Bayansa a sake yake. Ka kuma lura da wata 'yar waya da aka liƙa da dalma a jikin ƙugiyar, za mu dawo kanta.

Abin da ke gabanka sikeli ne. Tsirkiyoyi suna jan saman jakin zuwa wajen wuya, sifirin suna jan gindinsa ta ƙasa, jakin kuma yana tsaye a inda ƙarfin biyu suka yi kunnen doki. Kuma ba ƙaramin ja ba ne. Tsirkiya shida masu lambar kauri 10 zuwa 46, a saitin da aka saba, suna jan kusan kilo 46, wato sun kusa buhun siminti. Masu lamba 9 zuwa 42 suna jan wajen kilo 38. Duk abin da ya ƙara ko ya rage a ɓangare guda, ko kaɗan ne, sai jakin ya gusa, kuma in ya gusa da tsirkiya shida gaba ɗaya yake gusawa.

Ni a fili na koyi wannan. Muna tsakiyar kiɗa a wani biki, mata sun cika fage, sai tsirkiya ta ɗaya, mafi siranta, ta tsinke. Da kafaffen jaki ne, da na lallaɓa da biyar ɗin da suka rage har waƙa ta ƙare. Amma kilo bakwai sun fice daga sikeli a lokaci guda, sifirin suka yi rinjaye suka fizgo jakin baya, sauran biyar duk suka hau sama. Hawan ma ba iri ɗaya ba, kowace da nata, ta yadda babu wurin da zan kama a wuya ya yi daidai da mai fiyano. Dole na tsaya. Kafin in sa sabuwa in zagaya kunnuwan jitar, waɗanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, sau huɗu ko biyar, domin kowace na ɗaure sai sauran su saki, fage ya yi sanyi.

Wannan shi ne babban laifin jaki mai lilo, sauran duk 'ya'yansa ne. Ka tura tsirkiya ta uku sama da yatsa don ta yi kuka, ka ƙara ja ke nan a ɓangaren tsirkiya, jakin ya sunkuyo gaba, duk wata tsirkiyar da ke ƙara a lokacin sai ta ɗan sauka. Ka ɗora gefen tafin hannunka a kan jakin da nauyi, duka su hau. Ka sauke tsirkiya ta shida, mafi kauri, daga muryar E zuwa D, sauran su hau. Makaɗan Agadas da dama sukan ɗaga ta shidan zuwa G, babban yatsa yana bugun ta tana gunji ɗaya, sauran yatsu na yawo a kan sirara. A jaki mai lilo, wannan ɗagawar kaɗai ta isa ta saukar da sauran biyar, kuma salon da ya dogara da gunjin da ba ya kaɗawa ba ya shiri da jakin da ke amsa kowane motsi. Haka in ka sauya kaurin tsirkiya. A inda ba kullum ake samun lambar da aka saba ba, abin da ka samu a shago shi za ka sa, wannan ba ƙaramar wahala ba ce: duk sauyi sai an buɗe baya an sake daidaita sifirin.

Ba kuskuren ƙira ba ne, haka aka nufa. Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kiɗan jita ba, ya fito da wannan tsari tare da Stratocaster a 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Hikimarsa ita ce jaki da maɗaurin tsirkiya su zama abu guda mai motsi tare, maimakon tsirkiya ta riƙa gogar jakin da ke tsaye. A suna ne ya yi tuntuɓe: a wajen masana kiɗa tiremolo rawar ƙarfin sauti ce, ƙara ta yi sama ta yi ƙasa, shi kuwa wannan ƙarfe kaifin murya yake kaɗawa. Sunan dai ya bi shi har yau. A ƙarshen shekarun 1970 Floyd Rose ya zo da nasa, wanda ke datse tsirkiya da ƙarfe a duka ƙarshenta biyu, ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1979, makaɗin jita Eddie Van Halen kuma ya sa duniya ta san shi. Wanda yake son ya ji iyakar abin da jaki mai lilo zai iya, ya saurari marigayi Jeff Beck, wanda hannun ƙarfen nan kusan ba ya barin yatsunsa. Ba na raina tiremolo ko kaɗan. Abin da nake cewa, wanda ba ya taɓa hannun yana biyan kuɗin abin da ba ya ci.

Kafin ka taɓa sifirin, ka tabbata jakin ne mai laifi. Jitoci da yawa da ake kawowa da kukan ba sa riƙe saiti, ciwonsu a can ƙarshen wuya yake, a ɗan ƙashi ko robar nan mai tsaga shida da tsirkiya ke bi kafin ta isa kunnuwa, wanda zan kira jakin sama. Idan tsagar ta matse, tsirkiya takan maƙale, ta saki daga baya. Alamarsa, kana murɗa kunne shiru, can sai ka ji ƙas, murya ta yi tsalle. Goga bakin fensir a cikin tsagar yana rage wannan sosai, wani lokaci kuma sai an ɗan buɗa ta. Ga naɗin tsirkiya barkatai a kan kunne, ga sabuwar tsirkiyar da ba a ja ta ta gama miƙewa ba. Ko ka zuba wa jakin ƙasa kankare, waɗannan suna nan.

To, idan ka tabbata, mataki mafi sauƙi shi ne kwantar da jakin a jikin jitar. A saitin da Fender ke ba da shawara, bayan farantin yana ɗage da kamar milimita 3 daga katako. Sassauta tsirkiyoyi tukuna, sannan ka riƙa ɗaure sukurorin ƙugiya biyun, wannan kaɗan wancan kaɗan, har farantin ya kwanta shame-shame. In sifirin uku ba su isa ba, ƙara na huɗu da na biyar, ai haƙora biyar ne. Yanzu katako ne ya tare jakin ta baya. Tsirkiya ta tsinke, babu inda zai je. Gwajin da nake yi shi ne in bugi ta shida a sake, tana ƙara in tura ta uku sama sosai. Idan ta shidan ta ɗan sauka, sifirin ba su gama rinjaye ba, a ƙara ɗaurewa. Idan ta tsaya cak, an gama. Kyawun wannan hanya, in ka bar sifirin da ɗan sauƙi, har yanzu kana iya danna hannu murya ta nutse, ja sama ne kawai ka rasa. Van Halen da kansa haka ya saita nasa, ya kwanta a jiki, ƙasa kawai yake zuwa.

Akwai tarko guda a jaki mai sukurori shida. Mutum yakan ga tunda kafewa ake yi, bari ya matse su tamau. Ƙarƙashin gaban farantin a fiƙe yake don ya samu yin lilo, saboda haka in ka danne su da ƙarfi gaban ne zai nutse, baya ya ɗaga, ka samu akasin abin da kake nema. A sauke kowanne har kansa ya taɓa farantin, a tsaya nan.

Kuma da zarar farantin ya kwanta, kowane sirdi ya yi ƙasa ya ɗan ja baya. Tsirkiya ta matso kusa da wuya, wataƙila ta fara zizar firet, wato siraran ƙarafan da ke jere a kan wuya. Sai a ɗauki ƙaramin alanki a ɗaga kowane sirdi, sannan a sake duba tsawon tsirkiya: a saita ta a sake, a danne ta a firet na 12, a duba na'urar saiti ko manhajar waya. In ta zarce sama, a ja sirdin baya, nesa da wuya. In ta gaza, a turo shi gaba. Masu tsallake wannan su ne ke dawowa suna cewa kafewar ta ɓata musu jita.

Mataki na gaba shi ne toshewa da katako, kuma a ganina nan ne mafi yawan masu tambaya ya kamata su tsaya. Sake duba ramin baya. Curin ƙarfen yana da sarari ta fuska biyu: ta wajen sifirin, da ta wajen gindin jita. Jan tsirkiya yana tura gindin curin zuwa gindin jita, jan sifirin yana dawo da shi wajen wuya. Katakon da aka cusa ta wajen gindi yana hana nutsewa. Wanda aka sa ta wajen sifirin yana hana tashi. A Stratocaster ɗin da aka riga aka kwantar, jikin jitar ya riga ya tare tashi, guntu ɗaya ta wajen gindi ya wadatar. Haka Eric Clapton yake yi wa nasa, kuma da Fender ta fara fitar da jita mai sunansa a 1988, da guntun katakon a ciki ta fito daga masana'anta. Kamfanin yana da ƙirar Stratocaster mai kafaffen jaki tun shekarun 1950, irin wadda Nile Rodgers da Robert Cray suke kaɗawa, amma Clapton toshewar ya zaɓa.

Yanka guntun yana son haƙuri. Sararin ba murabba'i ba ne cif, yakan ɗan tsuke ta ciki, don haka nakan fara da kwali, in yanka in gwada har ya zauna, sannan in kai awon kan katako. A yanka shi ya ɗan fi sararin kauri, a riƙa cin sa da samfefa har ya shiga da turin babban yatsa. Ba a buga shi da guduma, kuma ba a sa masa gam. Ranar da ka so lilonka, ka zare shi. Na farkon da na yi, da damina na yanka shi daga wani katako mai laushi, ya zauna daram. Hunturu na shigowa na fara jin wani ƙwas-ƙwas a bayan jitar, na buɗe na tarar yana rawa a ramin. Na ɗauki kwalina na tafi wajen wani dattijon kafinta na ce, "Baba, guntun maɗaci nake so, busasshe." Ya juya kwalin a hannu ya ce, "Yaro, ta wace fuska zai ɗauki nauyi?" Da na nuna masa, sai ya yanka shi yadda jijiyar katakon ta miƙe daga curin ƙarfe zuwa bangon rami. Dalilinsa gaskiya ne: katako a faɗinsa yake kumbura ya tsuke, a tsawon jijiyarsa kusan ba ya motsi. A ƙasar da iska ke tashi daga jiƙe sharkaf zuwa bushe ƙamas cikin wata biyu, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Wancan guntun har yau yana ciki.

Yanzu ga maganar 'yar wayar nan ta ƙugiya. Wasu in sun toshe sai su ce sifirin ba su da sauran aiki, su kwashe su duka. Suna haɗa jitar da amfilifaya sai zuuu ta cika ɗaki, kuma ko sun dafa tsirkiya ba ta raguwa. Wayar nan ita ce ta ƙasa, mai kashe wannan zuuu ɗin. Daga ƙugiya take bi ta sifirin, ta shiga curi, ta hau faranti, ta kai ga tsirkiyoyi. Ka cire sifirin, ka yanke mata hanya. A bar su a wurinsu, ko aƙalla guda. Ban da haka, su ne ke riƙe jakin ranar da ka kwance tsirkiya duka don goge wuya. In ƙararsu ce ke damunka, wannan 'yar amsa-kuwwa da suke yi in an bugi jita da ƙarfi, guntun soso a ƙarƙashinsu ya kashe ta.

Jaki irin na Floyd Rose da danginsa sai an ƙara kula. A jitoci da yawa an fafe katakon da ke ƙarƙashin bayan farantin don a samu jan hannu sama sosai. Babu jikin da zai kwanta a kai ke nan. In ka yi ta ɗaure sifirin, cikin ramin zai faɗa a karkace. Nan dole guntun farko ya shiga ta wajen sifirin, kuma kaurinsa ne zai yanke yadda farantin zai tsaya. Don haka a fara saita jitar yadda farantin ya yi layi ɗaya da fuskar jiki, a auna sararin a haka, a yanka, a sa, sannan a ƙara wa sifirin ƙarfi su danne curin a kan katakon. Mai son kafewa gaba ɗaya ya ƙara na biyu ta wajen gindi. Kada a juya turakun biyu alhali tsirkiya na ɗaure, domin bakin farantin da ke jingine da su kamar kaifin wuƙa yake, in ya dakushe jakin ba zai ƙara komawa mazauninsa daidai ba, ko da wata rana ka cire katakon. Makullin da ke ƙarshen wuya kuwa kana iya barinsa ka ci gaba da amfani da ƙananan maɗauran da ke kan jakin.

Akwai kuma na'urorin da ake sayarwa don wannan aiki. Tremol-No yana maye gurbin ƙugiya, yana da 'yan sukurorin da ake juyawa da yatsa, ka zaɓi lilo, ko nutsewa kawai, ko kullewa. Tunanin ma ba sabo ba ne, Jazzmaster da Fender ta fitar a 1958 tana da ɗan maɓallin da ake turawa ya hana jaki tashi in tsirkiya ta tsinke. Ga wanda yake buƙatar lilo a waƙa ɗaya, kafewa a ta gaba, suna da amfani. Wanda ya riga ya yanke shawara, guntun maɗaci ya ishe shi.

Me zai sauya a hannu da kunne? A hannu, sauyin a fili yake. Da can in ka tura tsirkiya jakin yana biyo ka, sai ka ji laushi, amma sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka kai muryar da kake nema. Yanzu babu mai biyo ka: tsirkiyar ta ɗan yi tauri, amma ka isa da wuri. Kwana biyu na farko za ka riƙa zarcewa, sannan yatsu su saba. A kunne kuwa, ana yawan cewa kafewa tana ƙara tsawon ƙarar tsirkiya. Ni abin da nake ji shi ne bugun farko yana ƙara fitowa tas, kuma in jita ba a haɗe take ba ana jin bambancin fiye da in ta bi ta amfilifaya a cikin taro. Ban taɓa ba wa kowa shawarar kafewa don neman sauti ba. Don saiti ya zauna ake yi.

Saura babban aikin, wato cire tiremolo ɗungurungum a dasa kafaffen jaki na gaske. Wahalarsa ita ce inda sabon jakin zai zauna rami ne. Dole a sassaƙa katako ya cike ramin curi da na sifirin, ya zauna ba tare da giɓi ba, a liƙe da gam, a toshe tsofaffin ramukan sukurori, a goge ya yi daidai da fuskar jiki. Sannan awo. A jita irin ta Fender, daga jakin sama zuwa sirdin tsirkiya ta ɗaya milimita 648 ne, firet na 12 yana tsakiya a 324. A irin ta kamfanin Gibson wajen 628 ne. Kada ka dogara da sunan jitar, auna daga jakin sama zuwa firet na 12 ka ninka biyu. Sirdi yana da 'yar tafiya gaba da baya, amma in ka kauce da milimita kaɗan tafiyar za ta ƙare ba ka kai ba, jitar kuma ba za ta ƙara faɗin gaskiya a saman wuya ba. Tsakiya ma daga wuya ake nemo ta, a miƙa dogon ma'auni ta gefensa biyu, ba daga siffar jiki ba. A duba faɗin jakin kafin a saya: tsohon awon Fender daga tsirkiya ta ɗaya zuwa ta shida kusan milimita 56 ne, na zamani da mafi yawan na Asiya wajen 52. Ka ɗora mai faɗi a kan siririn wuya, tsirkiyoyin gefe su riƙa zamewa daga bakin firet.

Ba a nan ya ƙare ba. Idan jakin irin wanda tsirkiya ke ratsa jiki ne, kamar na jitar Telecaster, sai an huda ramuka shida daga gaba zuwa baya, a jere, a miƙe. Da injin hudar hannu bakin yakan karkace a cikin katako, ka juya jitar ka ga ramukan sun fito kamar haƙoran tsoho. Wannan aikin na injin huda mai tsayawa a kan teburi ne. Mai son kauce masa ya nemi jakin da ake zura tsirkiya ta bayansa. Sai an huda wata 'yar hanya kuma daga ƙarƙashin jakin zuwa ramin wayoyi don wayar ƙasa, tunda ƙugiya ta tafi. Tsayi ma magana ce: jitar da aka ƙera don Floyd Rose mai zama a saman jiki, wuyanta a ɗage yake ko a ɗan kishingiɗe, kafaffen jaki mai kwanciya ba zai kai tsayin ba sai an gyara mazaunin wuyan. Daga ƙarshe fenti. Ko an yi shi da kyau, sabon katako da tsohon ba sa numfashi tare, bayan damina da hunturu ɗaya ko biyu layin cikon yakan fito a ƙarƙashin fenti kamar tabo.

Shi ya sa nake jan hannun mutane daga wannan hanya. Jita mai daraja, balle tsohuwa, ranar da aka cike ramin nan darajarta ta faɗi, kuma ba ta tashi. Mai arha kuwa, kuɗin aikin yana iya fin kuɗinta. Ga shi wuyan irin waɗannan jitoci sukurori huɗu ne suka riƙe shi. Wanda ya ƙwallafa rai a kan kafaffen jaki na asali, ya fi masa sauƙi ya nemi gangar jikin da aka ƙera a haka, ya tabbata mazaunin wuyan ya dace, ya mayar da wuyansa da kayan wutarsa kanta, tsohuwar gangar kuma ya ajiye ta lafiyarta ƙalau.

Inda na yarda a yi babban aikin shi ne inda katakon ya riga ya gaza. Yana faruwa a jitoci masu laushin jiki: turakun biyu suna ɗauke da jan tsirkiya da na sifirin shekara da shekaru, sai su fara sunkuyawa gaba, ramukansu su zama kamar ƙwai, wani lokaci siririn katakon da ke tsakaninsu da ramin mayen sauti, wato na'urar da ke ɗaukar muryar tsirkiya, ya tsage. A nan toshewa ba ta magani, domin abin da jakin ke jingina da shi ne ya tafi. Tunda dole a sassaƙe a cike, mai jitar kuma ba ya amfani da hannun, to a cike gaba ɗaya a dasa kafaffe, kuma a kai wa wanda ya taɓa yi.

Wanda ya tsaya a toshewa, ya zare hannun tiremolo ya sa a leda tare da duk sifirin da ya rage, ya ajiye a jakar jitar. A wasu Fender na Amurka akwai wani mitsitsin sifirin a cikin ramin da hannun ke shiga, wanda ke faɗuwa ya ɓace da zarar an kifa jitar. Ɗan salatif a bakin ramin ya tsare shi. Idan hunturu ya kankama, a buɗe murfin baya a taɓa katakon da yatsa. In ya fara motsi, siririn ɓawon katako ko takarda mai kauri a gefensa ta isa ta mayar da shi daram har damina ta dawo.